Ɗanyen Taki a Lambun Baba

Duk lokacin da na bi ta bayan mayanka warin kashin tumbi ya buge ni, ba nama nake tunawa ba, albasa nake tunawa.

A shekarar da aka zabge albashin ma'aikata, mutanen Garwa suka rage cin nama. Baba mahauci ne, ɗan mahauci. Teburinsa da kan ƙare kafin azahar ya koma kaiwa la'asar da cinya a rataye, ƙuda na bi. Ƙaninsa da ke Maiganga ya aiko masa ya zo su bi fataucin shanu. Kaka, mahaifiyarsu, ta ce ɗa ɗaya ya ishi hanya. Don kada ya tafi ne ta roƙar masa ɗan fili a bakin kogin Binuwai wajen wata ƙawarta Bafulatana. Kowa a gidan ya san inda maganar ta tsaya: in albasa ta yi, Baba zai zauna, in ba ta yi ba, zai tafi.

To, ka san mahauci. Abin da ya yanka da safe ya rabu da shi kafin magariba. Bai taɓa yin sana'ar da ake jira ba. Ya watsa iri cunkus, wai da yawa ya fi. Ruwa kuwa da rana tsaka yake baro teburinsa ya je ya ba su, ƙasa na tururi. Kullum yana tsugunne yana tona gindi da yatsa ya ga ko albasar ta fara kai. Da ya ga sun ƙi sauri, sai ya tuna da abin da yake samu kyauta: ya riƙa turo kashin tumbi da jini a baro daga mayanka, da ɗuminsu, yana zubawa a kan shukar, sauran kuma yana tara shi tsibi a gefe.

Ranar da Kaka ta je gani, tun daga nesa ta toshe hanci.

"Sarkin fawa, albasa kake nomawa ko ragon layya kake turkawa?"

"Inna, abinci ne fa nake ba su."

"Tura hannunka cikin tsibin can."

Ya tura, ya fizgo da sauri.

"Ka ji? Abin da ya ƙona hannun mahauci, me zai bar wa saiwa? Taki sai ya kwana, ya huce, ya yi baƙi, warin ya fita. Ruwa da sassafe ko da yamma. Ka rage su, su sami wurin buɗe kai. Kuma ka raba yatsanka da gindinsu."

Ya ce to. Amma jikinsa bai ce to ba. Da magariba yana kai da komo a tsakar gida, yana wasa wuƙar da ba abin da za ta yanka. Ganyen ya yi rawaya daga baki, ya kwanta, tsutsa ta cika wurin. Bai jira a sake gwadawa ba. Ya ɗaure wuƙaƙensa a cikin buhu, ya hau motar Maiganga.

Tsibin takin ya zauna inda ya bar shi, rana ta dake shi har ya koma baƙar ƙasa mai sanyi. Da sanyin shekara ya zagayo, Kaka da mahaifiyata suka gauraya shi da ƙasa, suka yi dashe da tazara, suna ban ruwa kafin rana ta ɗaga. Albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu. Buhun farko Kaka ta sa aka ɗora wa direba ya kai wa Baba.

Direban ya dawo da tambaya daga Baba: wai me suka ƙara mata?

Kaka ta ce, "A gaya masa takinsa ne. Ƙyale ta kawai muka yi. A ce masa ya dawo gida."

Yau filin nan gidajen bulo ne, masu lambu kuma takin buhu suke saye don ba mai lokacin jiran tsibi ya huce. Baba kuwa bai dawo ba, ya riga ya kama ciniki a Maiganga. Sai da salla yake zuwa Garwa, kuma bai sake taka bakin kogin ba.