Rainon da Ya Zama Riƙo

Shekarun baya, lokacin da ake ta maganar Turawa za su tafi, ina aikin unguwarzoma a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Rano. Maigidana malamin gona ne, kullum yana kan keke tsakanin ƙauyuka, sai ya yi mako ban sa shi a ido ba. 'Yarmu ɗaya a lokacin, 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kira saboda kunya. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ji kowa yana ce mini Malama, sai ta bi sahu.

Da aka sa ta a makarantar elemantare sai lissafi ya rikice mini. Ni da an idar da asuba nake fita, don kafin rana ta fito mata sun cika baranda. Ita kuwa sai hantsi ya fara ake kaɗa musu ƙararrawa, a tashe su da azahar, ni ina can har la'asar. Wa zai riƙe ta da safe, wa zai karɓe ta da rana?

Na fara da wata maƙwabciyata, muka yi da ita zan riƙa ba ta wani abu ƙarshen wata. Ashe baiwar Allah 'yar talla ta samu. Kafin yarinya ta tafi makaranta sai ta zaga unguwa da farantin gyaɗa. Hedimasta ya aiko mini cewa in makarar nan ta ci gaba, zai ba wani gurbinta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗauke ta ko sallama ban tsaya yi ba.

Sai aka nuna mini Iya mai ƙosai, wata dattijuwa da ke suya a ƙofar gidanta, dab da makarantar. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Na je da goro, na durƙusa na gaishe ta, na faɗi buƙatata, sannan na ce, "To Iya, nawa zan riƙa bayarwa a wata?"

Ta ajiye matsamin ƙosai ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, akuya kika kawo mini kiwo? Ɗan mutum ne zan karɓi kuɗi a kansa? Ajiye mini ita ki tafi aikinki."

Wallahi har da 'yar murnata a hanya, wai ni mai wayo na samu a ɓagas. Da kaka ina aika mata damin dawa, da salla turmin atamfa, ta karɓa ta sa albarka. Yarinya kuwa ta yi ɓulɓul. Koko da ƙosai da safe, kitso duk Juma'a, ba ta ƙara makara ba. In aiki ya riƙe ni, a can take kwana. Sannu a hankali kwanan can ya fi na gida yawa. Wata rana na leƙa ɗakin Iya na ga sababbin kwanuka jere a ƙarƙashin gado, ta ce mini na yarinyar ne take tarawa. Na yi dariya na ce Iya akwai tsokana. Ni da nake 'yar ƙasar nan, na san sarai wadda ke tara wa yarinya kwanukan aure, amma kaina bai kawo ba.

Ana nan sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kibiya. Na je yi wa Iya sallama, na ce jibi za mu tashi, a haɗa mini kayan yarinya.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Allah ya kiyaye hanya. In kin samu sarari ki riƙa leƙo mu."

Na ce, "Iya, da ita fa zan tafi."

Ta ce, "Da wa? 'Yar tawa?"

Na aika ƙauyenmu Zurgu aka ɗauko mini mahaifiyata, ina ganin in ta zo za ta karɓo mini 'yata. Ta zauna ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "Kin kai ta da goro?" Na ce e. "Ta karɓi ladan raino?" Na ce a'a. "Ta fara tara mata kwanuka kina gani, kika yi shiru?" Na ce haka aka yi. Ta ce, "To ai riƙo kika bayar, duk garin nan haka suka sani. Kuma 'yar fari ce. Da wane baki za ki tsaya a ƙofar tsohuwa kina cewa a ba ki 'yarki? Ke ma ai ba a hannuna kika tashi ba."

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Ina son yarinyar nan kamar raina, ga shi al'ada ba ta bar ni in faɗa ba. Maigidana ya ce a bar ta, ga makaranta a kusa, ga mai kula. Na hau motar Kibiya ni kaɗai, yarinyar tana tsaye kusa da kaskon suya tana ɗaga mini hannu.

Da ƙaninta ya isa shiga makaranta a Kibiya, ban saki hannunsa ba sai da muka yanke lada da mai rainon, a gaban mijinta. Har ta ce Malama akwai tsanani. Na ce ƙyale ni, na san abin da na gani.

Ban ce Iya ta cuce ni ba. Ta riƙe amana fiye da yadda zan iya, yarinya ta gama makaranta, ta zama malamar makaranta ita ma. Abin da na gane shi ne, wanda ya ƙi karɓar kuɗinka a kan ɗa, ka tsaya ka tambayi abin da yake nufi tun ranar farko.

Da Iya ta rasu, 'yata aka zaunar a tsakar gida ana yi wa ta'aziyya. Na bi layin mata, na durƙusa na ce mata, "Ya haƙuri?" Ta share hawaye ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa. Na gode da kika zo, Malama."