Kalmar da na kasa fassarawa a gaban alƙali

Har gobe ban manta da Talatar da aka kira sunana a kotu ba. Lokacin ina shekarata ta huɗu ina akawu a ofishin wani lauya a Unguwar Rimi.

Ga yadda ƙa'idar take. Idan wanda bai iya karatu ba zai dangwala yatsa a takardar yarjejeniya, dole wani ya karanta masa ita da Hausa, sannan ya sa hannu cewa mutumin ya fahimta. Mu kuwa tsohuwar takarda muke buɗewa a kwamfuta, mu canza sunaye, mu buga, mu sa hannu. Wa ke da lokacin karatu?

Haka na yi wa Baba Garba, wani manomi daga Rigachikun da ɗan ƙanensa ya kawo. Tsohon ya ɗauka haya ya ba da gonarsa, ashe sayarwa aka rubuta. Da magana ta kai kotu, sa hannuna ne zai raba shi da gonar.

Ogana lauya ya ce mini, "Ka ce ka karanta masa, shi ke nan."

Na rantse, na faɗi hakan. Sai alƙali ya sa aka miƙo mini takardar.

"To, malam akawu, fassara mana yadda ka fassara masa."

A layi na uku na ci karo da witnesseth. Na buga kalmar nan ba adadi, ban taɓa tambayar ma'anarta ba. Wallahi gidan yari kawai nake hangowa, da 'ya'yana biyu.

"Tsohon Turanci ne," in ji alƙali. "Ba wanda ke magana da shi yanzu, sai a takardunku. Nufinsa, wannan takarda tana shaidawa. Me ka ce wa tsohon a wurin?"

"Ya mai shari'a, ban karanta masa komai ba."

An soke cinikin. Ni kuma alƙali ya yi mini kashedi mai zafi ya sallame ni, oga ya kore ni tun kafin la'asar.

A bakin kotu Baba Garba ya dube ni ya ce, "Ɗana, ganin ka da tabarau ne ya sa na dangwala."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, wanda ke miƙo muku yatsa bai san takarda ba, ku ya yarda da ku. Duk layin da ba za ku iya faɗa masa da Hausa ba, kada ku sa hannu a ƙarƙashinsa.