Yatsan da Kaka Take Tsallakewa

Jiya a gidanmu na unguwar Mansur, nan Makka, jaririyata ta buɗe ido, na ga ƙwayar launin toka ce, kamar ta kyanwa. Surukata ta ce, "Wannan wa ta ɗebo?" Nan take Kaka ta faɗo mini a rai.

Marigayiya takan lissafa kakanninmu da yatsu, tun daga Damagaram har waɗanda suka tako Makka da ƙafa. In ta zo kan yatsa na huɗu, sai ta lanƙwasa shi shiru, ta wuce.

Wata la'asar a saman tsohon gidanmu na unguwar Nakkasa, tana turara lubban, na tambaye ta dalili. Ta kwance bakin zaninta, ta ɗora mini wani maɓallin tagulla mai zanen fure. Rana na dukanmu, amma sanyi ƙalau yake a tafina.

Ta ce, "Maigidan, kakan nan namu Bature ne, wannan maɓallinsa ne. Wai jinin sarakunan Faransa ne, ta wajen ɗan da aka haifa ba aure. Can sun ƙi shi, nan ma ba mu lissafa shi."

"Yaya sunansa, Kaka?"

Ta dubi bayana, ba ni ba. "Kada ka nema. Ba shi da inda zai je. In ka kira shi, zuwa zai yi."

An rushe gidan, maɓallin ya bi ƙasa. Ban taɓa kiransa ba, amma ga shi yana kallona daga cikin zanen goyo.

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya haskaka kabarinta. Yarinyar nan kuwa, Allah Ya sa kada kowa ya lanƙwasa yatsa shiru a kanta.