Mai Guduma Tsakanin Kanta da Tamfol

Shekara talatin da huɗu ya yi yana sayar da tsofaffin littattafai a wani shago da ke tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule, kuma a duk shekarun nan bai taɓa karanta littafi ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Bai ɗauki wannan a matsayin aibi ba. Mai sayar da magani ma, in ji shi, ba ya shanye kantinsa. Shi dai ya duba bango, ya buɗe tsakiya, ya shinshina, shi ke nan ya san inda littafi zai zauna. Saboda haka 'yan layin suka laƙaba masa Sarkin Kanta, sunan ya bi shi har gida, inda matarsa kan kira shi da shi idan ranta ya ɓaci.

Wuri biyu ne a shagon. Akwai kantar katako a jikin bango, daidai kafaɗar mutum, akwai kuma shuɗin tamfol da ake shimfiɗawa a ƙasa daga ƙofa har bakin titi. Ƙa'idar guda ce, tare da shagon ya gaje ta daga mahaifinsa: duk littafin da wani yake ibada da shi ba ya taɓa ƙasa. Ba a tambayar addinin wane ne. Na masallaci da na coci da na waɗansu mutanen da bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, duk suna kan kanta kafaɗa da kafaɗa, cikin irin zaman lafiyar da masu su ba kullum suke samu ba. Sauran kuwa, lissafi da kiwon kaji da labaran soyayya da tatsuniyoyi, tamfol ne makomarsu.

A shekarar da ya cika sittin da biyar, yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma ya soma hazo. Likita ya sa ranar Litinin don aiki, ya kuma ce daga nan sai ya yi sallama da ƙurar takarda. Aka yi shawara a gida, aka tsaya a kan 'yarsa Auta ce za ta riƙe shagon. Ta gama kwalejin horon malamai, kuma tana karanta littafi har ƙarshe, abin da uban yake gani rauni ne ga ɗan kasuwa. Ba shi da gona ko gidan haya da zai bar mata. Makulli ne da ƙa'idar nan, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba, kuma ya ƙudurta ranar Asabar zai damƙa mata su biyun lafiya lau.

Ranar Laraba aka kawo kaya daga gidan wani malamin makaranta da ya rasu. A cikinsu akwai wani littafin Turanci mai hoton ƙaton mutum mai jan gemu, riƙe da guduma, a kan keken da awaki biyu ke ja. Sarkin Kanta ya kai shi kusa da idonsa mai sauran aiki.

"Auta, wannan maƙeri ne?"

"A'a, Baba. Abin bautar waɗansu Turawa ne na can arewa, inda ƙanƙara take. In aka yi tsawa sai su ce shi ne ya buga guduma."

"Bauta masa suke yi?"

"Da can. An yi wajen shekara dubu da bari."

"To, na addini ne." Hannunsa ya nufi kanta.

"Amma kalmar da ke bangon, almara take nufi."

Hannun ya dawo, ya nufi tamfol, ya tsaya a hanya. Wannan ne karo na farko da aka ga Sarkin Kanta riƙe da littafi kamar wanda aka miƙa wa jaririn da bai san uwarsa ba.

Mai Agogo, maƙwabcinsa kuma abokin tsokanarsa tun suna da baƙin gashi, ya leƙo da madubin aikinsa maƙale a ido. Ya karɓi littafin ya buɗe, ya ci karo da hoton wani tsoho mai ido ɗaya. Auta ta ce masa wannan shi ne babbansu, wai idonsa ya bayar don a bar shi ya sha daga rijiyar hikima.

"Sarki, ga ɗan'uwanka," in ji Mai Agogo. "Shi ya ba da ido ya samu hikima, kai ka ba da naka ka samu tari. Amma 'yata, tsakani da Allah, mutanen nan sun taɓa wanzuwa?"

"Kawu, ba wanda ya taɓa tono ƙashinsu."

Sarkin Kanta bai yi shakka ba ko kaɗan cewa mai awaki ba shi da hannu a tsawa. Sai dai kantarsa ba ta gaskiya da ƙarya ba ce. Da ita ce, da tuni ya sauke rabinta, masu saye kuma su kwana suna gardamar wane rabin. Abin da ya ɗaure masa kai daban ne. Tatsuniya ya san ta: mai faɗa ya san ƙarya yake, mai ji ma ya sani, kowa ya yi dariya ya tashi. Bai taɓa jin wanda ya yi wa zomon tatsuniya yanka ba.

"Su waɗannan sun yi masa yanka?" ya tambaya.

Auta ta ce sun yi. Sun rantse da shi, sun rataya 'yar gudumarsa a wuya, har kabari akan sa musu ita.

"To ka ji. Mutum ba ya rabuwa da bijiminsa saboda tatsuniya."

"Amma ai sun ƙare," in ji Mai Agogo. "Addinin da masu shi suka mutu, agogo ne da ya tsaya."

"In agogo ya tsaya, dutse kake kiransa?"

"Agogo nake kiransa, in ce a kawo gyara."

Da ba a kai ga matsaya ba, Sarkin Kanta ya ɗora littafin a kan kujerarsa, wadda ba sama take ba, ba ƙasa ba, shi kuma ya yini a tsaye. Mai ɗinkin labule ta zaci basir ne, ta aiko masa da sunan magani.

Washegari Auta ta zo da bincike daga wayarta, ta ƙara dagula lamarin. Ta ce sunan ranar Alhamis a Turanci daga sunan mai gudumar nan ya samo asali, masu faɗarsa kuwa ba su damu ba. Ta ce waɗanda suka rubuta yawancin labaran ba masu bautar ba ne, jikokinsu ne da suka riga suka shiga wani addinin. Uban ya ce to tamfol ke nan. Sai ta ce amma har yau akwai 'yan tsiraru a waɗancan ƙasashen da suka farfaɗo da bautar, da su ake ɗaura musu aure.

"Abin da ya sa ba na karatu har ƙarshe ke nan," in ji shi. "Ka tafi neman amsa ɗaya, ka dawo da biyu suna faɗa."

Kwana biyu yana juya maganar. Ya lura labari ɗaya ne, bai canza ko harafi ba, amma a bakin kaka ibada ne, a bakin jika hira. Ya so ya san ranar da abin ya juya, ko akwai wata tsohuwa ta ƙarshe da ta ji tsawa ta sunkuyar da kai, jikokinta na dariya. Wannan tsohuwar, wadda shi ya ƙirƙiro ta, ita ta yanke masa hukunci. Ranar Asabar ya ɗora littafin a ƙarshen kanta, ya miƙa wa Auta makulli.

"Ban ce gaskiya ne ba, ba a kuma tambaye ni ba. Na dai ce akwai wanda zai ji ciwo in ya gan shi a ƙasa."

"To, Baba," in ji Auta.

Aikin ido ya yi kyau. Bayan mako uku ya zo layin a matsayin baƙo, da sharaɗin likita cewa kada ya duƙa. Ya ga abubuwa da yawa da ya daɗe bai gani ba, ciki har da fuskar Mai Agogo, wadda ya ce da ya sani da ya bar yanar. Sannan ya ga mai guduma kwance a kan tamfol, tsakanin tatsuniyoyi.

Auta ba ta jira tambaya ba. "Baba, ƙa'idar Kaka cewa ta yi littafin da wani yake ibada da shi. Na karanta shi duka. Babu addu'a ko ɗaya a ciki. Labarinsu ne, wani ya tara don a ji daɗi. Ran da aka kawo wanda suke ibada da shi, ni da kaina zan ɗora."

Ya auna maganar, ya ga ba ta karya ƙa'idar ba, ta ma fi shi riƙe ta daidai, abin da ya fi masa ciwo fiye da a ce ta saɓa ta. Ya kuma san in ya ɗaga littafin nan ya mayar kan kanta, makullin ya karɓe, ko da yana rataye a hannunta. Mai Agogo ya zuba masa ido yana jiran wasan.

"Shagonki ne," in ji Sarkin Kanta.

Wata mata ta shigo neman littafin lissafi na 'yan aji huɗu, Auta ta juya ta shiga ciki ta duba kayan da ba a kwance ba. Tsohon ya tsuguna a hankali, bayansa a miƙe, ya zaro wani littafin koyon tuƙi ya tura shi ƙarƙashin mai guduma.

"Baba, likita ya ce kada ka duƙa," in ji Auta daga ciki, ba ta ko waiwayo ba.

"Igiyar takalmina nake ɗaurewa."

Silifas ne a ƙafarsa. Auta ta sallami matar, ta fito ta gyara jeren tamfol, ta bar littattafan biyu yadda ta same su.