Abayar Dubai da ta ƙi shiga jikin 'yar yayana

Mun tashi da asuba, ana sallame salla muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da 'yar yayana. Kafin mu isa na laluba fasfo a jaka ya fi a ƙirga, har direba ya ce, "Hajiya, ba shi da ƙafa fa."

Ga wanda bai san ta ba, yarinyar nan sana'arta tallan sutura: a ba ta kaya ta saka, a ɗauki hotonta, mata su gani su saya. Allah Ya yi ta da jiki tun tana ƙarama. A makaranta yara "Randa" suke kiranta, ta sha dawowa da kuka. Ni tela ce, karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni nake mata ɗinki domin kayan kanti ba sa shigarta. Da ta girma ta fara sa hotunanta a waya, sai mata masu jiki irin nata suka yi mata caa da tambaya. Daga nan masu atamfa da leshi suka soma nemanta. Bana wata Hajiya 'yar Damagaram mai shagon sarin abaya a Dubai ta kira ta gwaji: in hotuna suka yi kyau, ita za ta riƙa yi mata talla. Yayana ya ce ba za ta tafi ita kaɗai ba, shi ne aka haɗa ta da ni.

A jirgi ban san inda gabas take ba. Na yi salla a zaune, da muka sauka kuma na sake, don zuciyata ta kwanta. Muna fita waje zafi ya mare ni kamar an buɗe tukunyar tuwo. Titi kuwa sumul, ba rami, ba mai danna hon. Mun sauka a unguwar Al Qusais, wajen wata nas 'yar layinmu da ke zaune da abokan aikinta a gida ɗaya. Ita ta fara kai mu jirgin ƙasan garin, muna ciki take gaya mini ba shi da direba. Ban saki ƙarfen da na riƙe ba har muka fita.

Shayinsu mai kauri da madara dirhami ɗaya ne, ya yi mini daɗi. Sauran abubuwa kuwa, da na mayar da farashin zuwa naira sai na fasa saye. Shinkafarsu da kaza ga ƙamshi, amma ba yaji ko kaɗan. Ƙullin yajin da aka yi mini dariya a kansa tun daga gida, shi kowa ya yi ta miƙo wa hannu.

Ranar gwaji muka je Al Sabkha, inda shagunan sari suke. Hausa kawai kake ji, gauraye da "yalla" ta Larabawa da "kago", wato kayan da za a aika gida, ga masu tura kwalaye kamar Kantin Kwari. Hajiya ta karɓe mu da fara'a, ta sa aka fito da abayoyin da ta ware. A nan na gane kuskurena. Tun muna gida ta aiko tana tambayar lamba, ni kuma da yake awon yarinyar a hannuna yake, na ce a ba ta mafi girma, sittin. Ashe lambar abaya a can tsawo ce, daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba faɗi ba. Kuma su ba sa barin rarar yadi a cikin ɗinki kamar yadda muke bari a gida saboda gaba.

A ɗakin gwaji abaya ta tsaya mata a ƙirji, hannu ya ɗame, ƙasa kuma tana shara. Na ce da ita a hankali, "Cire maza kada a gani. Laifina ne, bari in je in ba Hajiya haƙuri."

"Gwaggo, ai ganin nake so a yi," in ji ta. Ta tattare jelar a hannu ta fita tsakiyar shago.

"Hajiya, ki dube ni da kyau. Haka matanmu suke fama. Mace ta tara kuɗi ta sayi babbar lamba, ta je gida ta tarar an yi ta don doguwar sanda. Mu ba tsawo muka ƙara ba, faɗi ne."

Na sunkuyar da kai ina salati. Sai na ji Hajiya ta fashe da dariya, har da Faransancinsu na Nijar. "Bon! Shi ya sa 'yan sarina kullum suke ce mini manyan lambobi ba sa tafiya. To yanzu ƙaƙa za a yi?"

Yarinyar ta nuna ni. Na ce in an yarda a yanke rarar ƙasan, a saka ta a gefe da hammata. Aka miƙo almakashi. Na dubi Hajiya, don ban taɓa yanka kayan da ba a ba ni ɗinkinsa ba. Na ce, "In ya lalace kin yafe?" Ta ce ta yafe. Na sake tambaya, Hajiya ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, Gwaggo, ki yanka!" Telan shagon ɗan Pakistan ne, ba na jin nasa, ba ya jin nawa, amma da tef da alli muka fahimci juna.

Da yamma aka ɗauki hotunan a bakin ruwa wajen Port Saeed, inda ake loda wa manyan jiragen katako firji da tayoyi. Ta tako a nutse, abayar na bin jikinta ba matsi, mayafinta a rufe ruf. Ina tsaye ina riƙe da jakarta, sai na tuna yarinyar da ke dawowa daga makaranta da hawaye. Hajiya ta duba hotunan, ba ta ma kai ƙarshe ba ta ce an ɗauke ta, kuma da awon jikinta za a yanka sababbin abayoyi masu faɗi.

Kafin mu taho an lallaɓa ni na hau ƙaramin kwalekwalen da ke tsallaka ruwan. Shi ma dirhami ɗaya ne, amma addu'ar da na yi a cikinsa ta isa tafiyar Makka.

Mun dawo Kano lafiya, da dabino da turare na tsaraba. Cikin masu zuwa sannu da zuwa har da wata da ta yi aji ɗaya da ita, yanzu ta haihu ta yi jiki, tana tambaya a kunyace ko za a samu daidai ita.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, abin da na so in ɓoye shi ne ya ba yarinyar nan aiki. Na yi shekaru ina yi mata ɗinki don kada a lura da jikinta, ita kuwa ta fito da shi tsakiyar shago ta ce a gyara kayan. Damuwa dai ban daina ba. Yanzu duk wanda ya ce mini lamba, sai na tsare shi: ta tsawo ko ta faɗi?