Iskar Gaba, Hannun Dama

Kujerar gaba ta motar autana tawa ce. Tun ranar da ya sayo motar, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da mutanen ƙetaren iyaka ke ce ma a-kori-kura, ni ya fara buɗe ma ƙofa. Daga nan kowa a unguwarmu ta Dogon Dutsi ya san in anka ga farar mota ta miƙi hanyar Dumega, to kallabin da ke kusa da direba nawa ne. Shi shina sayen wake da gyaɗa a kasuwannin ƙauye, ni ina tafiya da ƙwaryar daddawata, in mun biya Gecheme in ga ɗiyata da ke aure can. A baya bisa buhuna wan matarshi ke zama, abokin cinikinshi, mutum mai gemu da wando iya ƙwauri. Ya daɗe shina kallon kujerar nan, ni kuwa na daɗe ina ganin shina kallonta.

Wata damana ta wuce ta bar hanya duk ramu, gaban motar ya fara kuka, ƙwas-ƙwas, kamar ana daka a fasasshen turmi. Anka kai ta garaji. Makanike ya kwance ƙafafun gaba, ya canza dogayen ƙarafan nan masu hana mota tsalle, ya canza wani ɗan ƙarfe mai kai kamar gwiwa da suke ce ma rotil, wanda ke haɗa sitiyari da taya. Mota ta fito shiru, ba kuka. Kowa ya yi hamdala.

Ranar kasuwa munka kama hanya. Ba mu yi nisa da gari ba na ga auta ya riƙe sitiyari da hannu biyu, shi da ya saba tuƙi da hannu guda shina cin goro da gudan. In ya ɗan saki, mota ta zame hagu. In ya jawo ta, ta yi kamar ta yarda, sai mu hau ɗan tudu ta sake zamewa, sitiyarin na karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na ce, "Kai, barci kake?" Ya ce, "Inna, ba ni ba ne, ita ce."

Ya tsaya gindin wata gawo ya kira makaniken a waya. Mutanen baya sunka sauko, har da wasu mata biyu na unguwarmu da munka ɗauko. Wayar tashi in ba a buɗe muryarta ba ba a jin komi, saboda haka kowa ya ji. Ga rezo, wato sabis ɗin waya, ba kyau, magana na zuwa tana yankewa. Auta ya yi bayani, can munka ji makanike, da ke ce mishi patron wato maigida, ya ce, "Hagu take ja? To, patron, iska ce. Iska ta yi yawa gaba, hannun dama. A rage ta." Sai waya ta ɗauke.

To, wa ke zama gaba, hannun dama?

A nan sai in faɗi abin da ban taɓa ɓoyewa ba. Ni haifaffiyar wajen Lugu ce. Uwata 'yar bori ce, doguwa na hawa kanta, an san ta ƙauye da ƙauye, kuma ban ji kunyar haka ba ko rana guda. Amma ni ina salla tun kafin gemun wancan mutumin ya san hanyar fitowa. Ba ni da iska, ban gaji iska ba, ƙanwata ce ta ɗauki kayan uwarmu. Kowa ya san wannan. Sai dai ranar nan gindin gawo, da anka ce iska, matan nan biyu ba taya sunka duba ba.

Auta shi ya gane abin da ake nufi. Ya tsuguna ya sa ɗan tsinke ya rage iskar tayar, tsssss, munka hau. Mota ta ci gaba da halinta, ba abin da ya ragu. Da munka isa Dumega ana sauke buhuna, na ji wan matar nan da kunnena shina cewa, wai a hankali, "An rage ta taya. Saura gudar."

Na juya na ce, "Malam, mi ka ce?"

Ya ce, "Ba komi, Inna, addu'a nike."

Ranar kasuwa ta zagayo, na yi shiri tun da safe, na ɗaure ƙwaryata. Auta ya shigo ɗakina ya durƙusa, shina ta kallon tabarma. Wai hanya ba kyau, mota ba lafiya, wai in huta wannan makon, shi zai sayar min da daddawar. Wanga yaro ne fa da ya cika mana kunne cewa bori ƙarya ne, iskoki ba su da ikon komi, shi ne ya tsinke layar da ke wuyan ɗanshi ya jefa a masai. Na ce, "Auta, kai da ka ce babu su, yau kuma tsoronsu kake?" Ya ce, "Subhanallahi, Inna, wa ya yi wannan magana?" Na ce, "To buɗe min ƙofa." Ya tashi ya fita. Ta kafar zana na ga wan matar ya naɗe wandonshi da ba ya bukatar naɗewa ya shige kujerata, har da gyara madubi.

Da ma a ce abin ya tsaya nan. Ina! Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Matar auta ta kawo min fura tana ajiyewa daga nesa kamar mai ba kare abinci. Wata maƙwabciya da munka tsufa tare ta zo ta zauna, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri ki sake mishi motar, ɗanki ne." Wata kuwa, Allah shi shirye ta, ta zo da goro a bakin zane, wai tunda ina iya jan mota, ko zan taimaka in jawo mata mijinta da ya tafi ci-rani ya ƙi dawowa. Na kore ta da muciya.

Bayaninsu shi ne wai doguwar gidanmu ke jan motar zuwa Lugu, tana son in koma gida. Na ce musu, ku zo nan, ku da kunka yi lakwal, makarantar boko, da ku da ba ku yi ba. In za mu Dumega, hagu take ja. In muna dawowa, hagu take ja. Hagun tafiya da hagun dawowa wuri guda ne? Wace irin doguwa ce wagga da ba ta san hanyar garinsu ba? Sunka dubi juna, sai guda ta ce, "Ai su ba a gane musu." Ka ji fa.

Mota kuwa ba ni cikinta, ba ta bar halinta ba. Na yi zaton wannan zai wanke ni. Sai anka ce ai fushi na yi don an bar ni gida, daga ɗaki nike aika ta. Wan matar ya tara abokanshi sunka kewaye motar a ƙofar gida suna karatu, sunka tofa a ruwa sunka yayyafa bisa kujerata har ta jiƙe. Ni ban ƙi karatu ba, Allah na gani. Amma a jiƙa kujerar mutum a ce ana korar abin da ya bari, wannan zagi ne ko da wane ruwa anka yi shi.

Sun koma garaji kuma, ba su ƙi ba. Makanike ya ɗauke tayar hagu ya mai da dama, ta dama ya mai da hagu, ya ce a gwada. Anka gwada, hagu. Ya ɗura mai a wani wuri, ya ce sabon ƙarfe ne, sai ya saba da hanya. Ban taɓa jin ƙarfe na sabo ba sai ranar nan. Kowane komawa auta na tsaye a kanshi shina duba agogo, kasuwa na jira, shi kuma makanike na sallamar shi da abin da ya fi sauri. Makonni sunka wuce ina zaune gida. Daddawata wan matar ke sayarwa, mutumin da bai san mai kyau da marar kyau ba. Ɗiyata ta Gecheme ta aiko tana tambaya ko ciwo nike.

Sai ranar da abin ya kai. Suna dawowa daga Dumega da kaya, sunka faɗa wani rami, sitiyari ya kuɓuce, mota ta bar hanya ta shiga gonar wani da anka riga anka girbe, ta tattake kara, ta je ta dafa rumbun mutane ta tsaya. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya karye, alhamdu lillahi. Wan matar ne kawai goshinshi ya gaisa da gilashi, ya dawo da ƙullutu kamar ƙwan zabo. Da na ga ɗana ya shigo gida duk ƙura, fushin ya bar ni na ɗan lokaci, na riƙe kanshi kamar shina yaro. Da na tabbata lafiyarshi lau, fushin ya dawo da ƙannenshi.

Washegari na yafa mayafina na ce garaji za ni. Auta ya ce ba wurin mata ba ne. Na ce ai ɗakina ma ba wurin mota ba ne, amma an ce daga can nike tuƙa ta.

Munka tafi da motar, har da wan matar. Na samu makaniken, wani gajere mai furfura a gefe, duk jikinshi baƙin mai. Ya ba ni benci. Na ce, "Kai ne mai iska?"

Ya ce, "Iya, wace iska?"

Na ce, "Wadda ka ce ta yi yawa gaba, hannun dama. Ga ta ta zo da ƙafarta. Rage ni."

Auta ya sunkuyar da kai. Da makaniken ya gane zancen, ya yi dariya har ya zauna bisa wata tsohuwar taya shina share hawaye da bayan hannu. "Wayyo Allah! Iya, taya nike nufi, wallahi taya! Patron, haka kunka yi da tsohuwa?" Na ce, "Dariyar ta isa. Yau ba inda motar nan za ta, ba kasuwa, ba agogo. Ina nan zaune har ka nuna min abin da ke janta, in gan shi da idona."

Ya ɗaga gaban motar har tayoyin sunka bar ƙasa. Ya kama tayar dama sama da ƙasa ya girgiza, shiru. Ya kama ta gefe da gefe ya girgiza, shiru. Ya koma ta hagu, sama da ƙasa shiru, da ya kama ta gefe da gefe sai munka ji kas-kas, tayar na kaɗa kai ita kaɗai, sitiyari ko motsi bai yi ba. Dariyar ta bar fuskarshi. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, can ya ce, "Bon." Ya kira auta ya leƙa. Notin da ke riƙe sabon rotil ɗin ya kwance, saura kaɗan shi fita, don ɗan ƙarfen da ake soka mishi shi hana shi juyawa ba a sa ba. Ya ɗaure, ya soka, ya lanƙwasa bakin.

Sannan ya sauke motar, ya ɗauko zare ya ja daga tayar baya zuwa ta gaba, wannan gefe da wancan. Ko ni da ban san mota ba na gani: tayar hagu ta buɗe baki tana kallon waje, kamar ƙafar agwagwa. Ya sosa kai ya ce ranar da ya yi aikin Juma'a ce, ana ta kiran salla, patron na gaggawa, bai ja zaren ba. Auta ya ce, "Ni na ce kada ka ja?" Ya ce, "Ba ka ce ba, amma mukulli na hannunka kana kaɗawa." Sunka fara musu. Na ce su bari sai na tafi.

Ya murɗa, ya auna, ya murɗa, ya auna, har tayoyin sunka dubi gaba tare. Sunka fita gwaji sunka dawo, auta na tuƙi da hannu guda. Na sa makaniken ya faɗa da ƙarfi, a gaban wan matar da ƙullutunshi da duk masu zaman banza na bakin garaji, cewa noti ne da zare. Na ce shi ƙara cewa a hannun hagu abin yake, gefen direba. Ya faɗa. Ya maimaita.

Auta bai ce in yafe mishi ba, maza ba su iya wannan ba. Ya dai zagayo ya buɗe ƙofa, ya share kujerar da hularshi, ya ce, "Inna, ki shiga." Na bar shi tsaye riƙe da ƙofar har na gama gyara mayafina, sannan na shiga.

Na dawo gida ina cewa magana ta ƙare. Da la'asar sai ga maƙwabciyata, fuska duk murna, ta kama hannuna. "Allah shi yi miki albarka da kinka sake ta." Na ce noti ne, an faɗa gaban jama'a. Ta ce, "Eh, mun ji. Amma sau nawa anka kai ta garajin nan ba ta warke ba, sai ranar da kinka taka da kanki?"

Na janye hannuna na koma kan daddawata.

Har yau haka zancen yake a unguwa. Ina kujerata, ina zuwa Dumega, ina ganin ɗiyata. Wan matar ya koma bisa buhuna, kuma yanzu in zai gaishe ni sai ya durƙusa har ƙasa, abin da bai taɓa yi ba da can. Na san ba ladabi ba ne. Na bar shi, gwiwarshi ce.

Akwai wani wuri kafin a shiga Gecheme inda yashi ya yi yawa, kowace mota in ta zo nan sai ta ɗan zame. Duk lokacin da tamu ta zame, ina ganin auta ta wutsiyar ido shina satar kallona. Ba na ko juyawa. Sai in ce, "Riƙe sitiyarinka, malam."