Layin da aka ja da fensir

"Ɗana, wace kukar kuke nufi?"

Tambayar da Baffa Buba, dattijon unguwarmu, ya yi wa wani ma'aikacin hukumar zaɓe ke nan jiya a firamarenmu ta bayan garin Kazaure. Nan aka manna taswirar sabuwar iyakar mazaɓu don kowa ya gani kafin a tabbatar. Ni na karanta wa Baffa cewa iyakarmu ta tsaya "a kukar burtali".

To, kuka biyu ce a burtalin nan. Mai sunan ta faɗi tun ina yaro, gurbinta kawai ya rage, amma har gobe wurin muke kira kuka. Masu zane suka ga wadda take tsaye kusa da gari, suka ja layi. Layin ya kwashe gidajenmu ya kai mazaɓar ƙetaren rafi, inda da damina ko babur ba ya zuwa.

Raina ya ɓaci. Na fara ɗaga murya ina cewa an gama shirya abu, an zo ana raina mana hankali.

Ma'aikacin bai kula ni ba. Ya rusuna ya ce, "Baffa, mu je a nuna mini gurbin." Da suka dawo, a gabanmu ya goge layin, ya matsar da shi.

Baffa ya ce, "Au, ashe yana goguwa?"

"Ai shi ya sa muka ja da fensir, Baffa. Biro sai kun yarda."

Wallahi kunya ta kama ni.

Ku fa, an taɓa nuna muku taswira tun tana fensir, ko sai da biro ya bushe kuka ji labari?